Akushin da Ke Tsallaka Danga

Ranar Talata da hantsi Baba ya cika, yana kishingiɗe a gindin tsamiyar ƙofar gida, hularsa a kan fuska kamar mai barcin rana. Kafin azahar gidanmu ya cika da jama'a, kuma ban taɓa ganin taron gaisuwar mutuwa da masu gaisuwa suka rasa abin faɗi kamar wannan ba. Baba Kirista ne, ƙauyenmu kuwa, nan kusa da Dingyaɗi, in ka cire gidanmu kowa Musulmi ne. Sai mutum ya shigo ya tsuguna, ya ce, "Ƙaƙa munka ji da haƙuri?" Mu amsa. Ya ɗauko, "Allah shi jiƙan..." sai maganar ta maƙale masa a wuya, ya waiwaya yana neman fuskar Liman.

Da abin ya ishi Liman sai ya ɗaga murya ya ce, "Ku ce Allah shi ba su haƙuri. Sauran ku bar ma Mai shi, ya hi mu sanin bawanai."

Daga nan bakin kowa ya saki. Wani mai sayen albasa daga kasuwar Boɗinga ya rantse shekara goma yana ciniki da Baba, kuma kullum sai Baba ya fara tono masa ruɓaɓɓun daga ƙasan buhu ya nuna masa, har ya riƙa jin kunyar neman ragi. Wani makiyayi daga Kajiji, wanda ba mu ma san shi ba, ya ce a shekarar da ruwa ya yi wuya Baba ya bar shi ya shayar da shanunsa a rijiyar lambu, shanun suka tattake fangali biyu, Baba ya ce da ma albasar wajen ba ta yi kyau ba. Abokan zamansa na asibitin kutare su shida suka zo a ƙasa, suka tsaya bakin kabari a gefen lambun suka yi waƙa, jakin Baba ya taya su daga turke. Washegari Goggo, ƙanwar Baba, ta iso daga Dandin Mahe. Tun daga bayan gari ake jin kukanta. Tana shiga gida ta tsaya cak, ta dube ni ta ce, "Ke, wa yab bar tukunyag ga buɗe?" Na rufe, ta ci gaba da kukanta daga inda ta tsaya.

Amma duk wanda ya zauna, ko ya yi magana ko bai yi ba, sai ka ga idonsa ya zame zuwa dangar karan da ta raba gidanmu da na Bappa. Bappa wan Baba ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Taku goma ne tsakanin ɗakinsa da inda aka wanke ƙanensa. Bai zo wanka ba, bai zo kabari ba, bai aiko ko da kalma ɗaya ba.

Ni surukar Baba ce, matar ɗansa, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Na iya rubutun boko a asibitin mishan inda na tashi, shi ya sa na zauna yau, kwana ashirin da rasuwarsa, in rubuta abin da na gani kafin mutane su gyara shi. Tuni na fara jin ana cewa Baba mutum ne mai shiru-shiru. Baba! Mutumin da in yana magana a lambu ana amsa masa daga masallaci.

Kuturta ta kama shi yana da ƙarfinsa, bayan rasuwar matarsa. Aka yi masa yadda aka saba yi: bukka a bayan gari, ƙwaryarsa dabam, ana tura masa abinci daga nesa. Da labari ya zo cewa Turawan mishan sun buɗe asibitin kutare, ɗansa ya ɗora shi a jaki ya kai shi, ya kuma zauna jinya. Shekara shida suka yi. Baba ya dawo cutar ta mutu, yatsu biyar sun tafi, uku a dama, biyu a hagu. Ya dawo da sabon addini, ya kuma dawo da ni, domin a can ne ɗan nasa ya gan ni ina raba magani, ya kamu da wani ciwon kai da ba ya tashi sai in ni ce a bakin aiki.

Kunyar surukai Baba ya baro ta a asibiti. Ranar da na tare na durƙusa nesa na sunkuyar da kai, ya ce, "Tashi, ɗiyata. Ke kinka wanke man gyambon ƙahwa, yanzu kuma za ki ɓoye man huska?" Tun daga nan muke hira, muke faɗa, abin da ya sa matan unguwa suka ce gidanmu babu tarbiyya.

Aikinsa lambun albasa. Yana naɗa igiyar jigo a wuyan hannu ya riƙa ɗaga ruwa yana waƙar yabon Allah, da wata murya da ko tsuntsaye ba sa sauka a lambun saboda ita. Ran Lahadi mu uku ne masu sujada a gindin tsamiya, shi da ɗansa da ni, sai jakin, wanda Baba ya ce ya fi mu zuwa a kan lokaci. Wata shekara Baturen gona ya zo rangadi da igiya da turaku, yana koya wa mutane shuka a miƙe. Ya tsaya kan fangalan Baba da suka karkace kamar tafiyar maciji, ya girgiza kai. Baba ya ɗaga masa hannuwansa biyu ya ce wa tafinta, "Gaya mai da waɗanga nish shata su. Kuma ruwan sama bai taɓa tsallake su don sun karkace ba." Baturen ya rubuta wani abu a littafinsa ya wuce. Baba ya yi wata guda yana gaya wa mutane an kai sunansa wurin Gwamna.

To, ga zancen akushi. Tun zamanin iyayensu al'adar gidan ita ce, in an sauke tuwon dare, ƙane yakan aika wa wansa akushi kafin shi ya ci. Ranar da Baba ya dawo, da yamma ya sa na tuƙa tuwon gero, na zuba miyar kuka a kai, na kai. Bappa na zaune da dattawa a ƙofar zaurensa. Ya riga ya ji labarin addinin. Ya dubi akushin kamar na ajiye masa kunama, ya miƙe tsaye ya rantse da Allah a gaban kowa cewa hannunsa ba zai shiga abincin gidanmu ba muddin ƙanensa na kan wannan hanya. Na ɗauko na dawo fuskata na zafi.

Baba ya buɗe ya duba ya ce, "Bai ji yunwa yau. Gobe a kai."

Gobe na kai, ta wata ƙofa da ke jikin dangar, na miƙa wa Inna matar Bappa. Ta shigar masa ɗaki. Bayan an yi sallar magariba ta dawo mini da shi yadda na kai. Jibi haka. Da safe mu ɗumama mu ci. Shekara huɗu cur muna karin kumallo da abin da Bappa ya ƙi.

Ba wai Baba ya zauna ba ne. Duk wata hujja da ya ji Bappa ya kawo, sai ya bi ta ya toshe. Aka ce ya ce akushin kuturu ne, Baba ya tafi har kasuwar Shagari ya sayo sabo, baƙi mai murfin faifai, ya hana kansa taɓa shi. Aka ce ya ce yankan Kirista ne, Baba ya riƙa rungumar kaza yana kai wa Liman ya yanka, har Liman ya ce in ana haka zai fara karɓar ƙafa ɗaya. Watan azumi kuwa Baba ya fi ladan kallon rana. Tana faɗuwa zai fara kira, "Ɗiyata, a kai! A haɗa da kunu, bakinai ya bushe." A kai, a dawo da shi.

Na taɓa tambayarsa ko yana fata ne tuwon ya jawo Bappa cikin addininmu. Ya dube ni kamar na zage shi. "Tuwo nika aika mai, ba tarko ba. Wana na. Ko ya bi ni ko bai bi ni ba, da maraice yunwa shika ji."

Ni fa ba waliyiya ba ce. Ni ke surfe, ni ke daka, ni ke shan hayaƙi, kuma ni ce matan rijiya ke tambaya, da murmushinsu, wai ko miyata ce ba ta da daɗi. Wata ranar Alhamis, ina da tsohon ciki, ƙafafuna sun kumbura, maigidana ya tafi kasuwa da jaki, na ce yau kam an gama. Na dama fura na ajiye wa Baba, na shiga ɗaki na kwanta. Ya leƙo ya ce, "Akushin Bappa hwa?" Na ce, "Baba, in kun ga na sake tuƙa ma mutumin can tuwo, ku canza man suna. Wanda bai son mu, mu ma ba mu son shi." Ya ce, "Tau," ya ja ƙafa ya tafi.

Can sai na ji ƙamshin hayaƙi, da ƙarar muciya tana dukan tukunya kamar ana faɗa. Na fito. Ga Baba tsugune gaban murhu, dattijo da furfurarsa, ya matse muciya tsakanin wuyan hannuwansa biyu yana kokawa da tuwo. Gari ya ɓata masa gemu, rabin ruwan ya kashe rabin wutar, abin da ke cikin tukunyar kuma gudaji ne zalla, kowane ya kai ƙwan zabo. Na fashe da dariya duk da fushina. Sai na ga gefen hannunsa na hagu yana jingine da bakin tukunya, fatar ta tashi fari, shi bai ma sani ba, domin cutar ta kashe masa jin zafi a wurin. Dariyar ta tsaya mini.

Ina shafa masa man shanu ina masifa. Na ce wannan wace irin wahala ce, mutum ya ƙi ka a gaban duniya kai kuma kana ƙona kanka dominsa? Ya bar ni na gama, sa'an nan ya ce:

"Zamna, ɗiyata. Shekarata ta hwarko a asibiti ba wanda ban zaga ba. Na zagi Bature, na zagi masu wankin gyambo, na zagi Allah da kainai, don ina ganin shi yay yi man wanga aiki. Kullum da sahe wata mata ta kawo man kunu, ita ma ba yatsu, da wuyan hannu taka riƙo ƙwaryar. In sa ƙahwa in shure. Gobe ta sake kawowa. Rannan nic ce mata, ke wai ba ki da zuciya? Tac ce, 'Ina da ita, ta hi taka zahi. Amma Yesu bai jira nig gyaru ba kahin shi mutu domina. Ni kau mi za ya sa in jira ka?' Ta duƙa ta ɗauki ƙwaryatta. Nan nig gane, Allah bai tsaya tambayata ko ina son shi ba. Aikowa kawai shika yi, in shure, shi sake aikowa. Har yau bai gaji ba."

Na ce, "Wannan matar ita ma tana da wahalar kai."

Ya ce, "Ƙwarai. Uwarki ta."

Na san uwata tana raba kunu kafin ta rasu, ina yarinya ina bin ta da ludayi. Ban san wa ke shurewa ba. Na tashi na kwashe gudajin nan nasa cikin akushi, na gyara masa fuska da mara yadda zai yi kama da tuwo, na zuba miyar jiya a kai. Da na juya zan nufi danga sai na ga karan yana motsi, kamar wani ya ɗauke ido daga wata kafa. Na kai, aka dawo da shi kamar kullum.

Da safe na kife akushin cikin tukunya zan yi ɗumame, sai ga rami a ƙasan tuwon, rami sosai, wanda za ka iya ɓoye albasa biyu a ciki. Sama lafiya lau, miya ba a taɓa ba, amma an zura hannu ta gefe an ƙwaƙule gindin. Na fara zargin ɓera, sai na ga sawun yatsu huɗu a jere. Na kai wa Baba. Ya duba, ya ɗaga hannunsa na dama mai yatsu biyu ya ce, "Tau, ni dai kin ga ba ni ba na." Sai ya fara dariya, yana yi hawaye na bin gemunsa. Shekara huɗu ina zuba gwaninta Bappa bai taɓa ba, sai ranar da aka kai masa mafi munin tuwon da aka taɓa tuƙawa a ƙasar Sakkwato. Har yau abin na ba ni haushi.

Daga ranar, ba kullum ba, amma duk bayan kwana huɗu ko biyar sai in sami ramin. A daidai wannan lokaci kuma Bappa ya shiga wani irin yawan azumi da ya ba kowa mamaki. Ba Ramadan ba, ba Litinin da Alhamis ba, sai ka ji Bappa na azumi. Mutane suka fara kawo masa jarirai ya tofa musu albarka. Inna ce ta warware mini a bakin rijiya, tana raɗa tana dariya. In ƙamshi ya ci ƙarfinsa ya ci, ya karya rantsuwa ke nan, sai ya yi azumin kaffara kwana uku. Ba ya ciyar da miskinai goma, don kada a tambaye shi dalili. Liman ya gaya masa a asirce cewa tunda ya yi kaffara sau ɗaya rantsuwar ta warware, ya ci abincinsa cikin kwanciyar rai. Amma Bappa da ya gama azumin sai haushin kansa ya kama shi, ya sake rantsewa sabuwa. Inna ta ce, "Ɗiyata, ni nag gaji da dama hurar sahur. Ku rage ma miyag ga daddawa, ko mu huta."

Na dawo gida da gudu-gudu, na ce yau sai na kife akushin nan a bakin rijiya kowa ya ga waliyyinsu. Ban taɓa ganin Baba ya ɓata rai da ni kamar ranar ba. Ya ce, "In kinka tona shi, kin hana mai abinci. Kunya za ta sa shi daina. Mi kika so, ki ci nasara ko shi ƙoshi?" Na ce duka biyun. Ya ce ɗaya za a samu. Sai ya ba ni umarni in riƙa yin malmalar da tsayi, gindinta da kauri, don mai haƙa ya sami abin haƙa. Na ce to bari in riƙa ɓoye tsoka ɗaya a ƙasa. Na ga yana so ƙwarai, amma ya girgiza kai. "In yas sami nama a ƙasa ya san mun sani. Bar shi da gayanai."

Haka muka yi shekara bakwai. A hanya in sun haɗu Bappa ya kau da kai, Baba ya durƙusa ya ce, "Yaya, an wuni lahiya?" ya kuma amsa wa kansa, "Lahiya lau, ƙanena." Bappa ya wuce yana tsaki, gemunsa na rawa.

Damina biyu da suka wuce ƙarfin Baba ya fara ja baya. Ya bar jigo, ya koma gindin tsamiya yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Ran Litinin da dare bai ci komai ba, amma sai da ya ga na dawo daga danga ya yarda ya kwanta. Da safe na kai masa kunu, ya ce, "An haƙa jiya?" Na ce an haƙa. Ya ce, "Madalla. Ɗiyata, ko ba ni nan, a kai." Na ce ya daina irin wannan magana ya sha kununsa. Ya sha rabi, ya ja hula kan fuska. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Gidan mutuwa ba a ɗora tukunya, maƙwabta ke kawowa. Kwana biyu kwanoni na shigowa daga kowane gida a ƙauyen, har daga gidan Liman, ban da gida ɗaya. Ina zaune cikin mata ina amsa gaisuwa, zuciyata na tafasa. Na ce a raina, mutumin nan ya ci tuwonmu shekara bakwai a ɓoye, ya bari aka binne ƙanensa bai taka ba. A rana ta uku da la'asar na ɗauko akushin daga rataye, na ɗauko gatari, na kai bayan ɗaki. Itace ne, zai yi wuta mai kyau. Maigidana ya gan ni, ya buɗe baki, ya dubi gatarin, ya rufe.

Na ɗaga ke nan sai na ji muryar Inna ta jikin danga. "Ɗiyata, tun ran Talata bai sa komi a baki ba. Kuma wanga karon ba azumi na ba. Da rana ta hwaɗi sai shi zamna shina kallon ƙohwag ga."

Na ce, "Shi kalle ta har ta tsuhwa."

Na daɗe tsaye da gatarin. Ina so in ce tausayi ne ya kama ni, amma ƙarya ne. Abin da ya zo mini shi ne uwata, tana duƙawa tana ɗaukar ƙwarya daga ƙasa da wuyan hannu. Ita ma ta ce zuciyarta na da zafi. Na jefar da gatarin, na hura wuta. Na tuƙa tuwo ina kuka ina zagin hayaƙi, na yi miyar kuka da kazar da Liman ya yanka don baƙi, na zuba har tana gangarowa.

Sai dai ban bi ta danga ba. Fushina bai gama sauka ba, na ce yau a gaban mutane zai ƙi, yadda ya fara. Na zagaya ta ƙofar gida. An idar da magariba, Bappa na zaune kan buzu a bakin zaurensa, Liman da dattawa da baƙin Shagari kewaye da shi. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Na durƙusa na ajiye akushin a gabansa na ce, "Bappa, ga saƙon ƙanenku. Yac ce ko ba shi nan, a kawo."

 Goggo ta biyo ni, tana bayana tana salati ƙasa-ƙasa. Bappa ya dubi akushin ya daɗe. Sa'an nan ya ce, "A ba ni ruwa." Ya wanke hannu, ya ɗaga faifan, ya yi bisimilla. Hannun nasa, don sabo, ya zarce gefe zai nutsa ƙasa. Ya tsaya. Ya zaro shi a hankali, ya ɗora a kan tuwon, ya yanko loma daga sama, ya dangwalo miya sosai ya kai baki.

Ya tauna, ya haɗiye. Hawaye suka zubo masa. Ya dube ni ya ce, "Shekara bakwai ina cin gaya. Ashe haka miyag ga take."

Wani daga cikin dattawan, wanda bai san komai ba, ya zaro ido ya ce, "Malam, rantsuwar hwa?"

Liman ya ce, "Azumi ukku na. Ya saba."

Ban san wanda ya fara dariya ba, ina jin Goggo ce, amma ta bi wurin duka, ana yi ana share ido. Bappa bai kula kowa ba. Ya cinye tas, ya suɗe akushin da yatsunsa huɗu, ya miƙe da ƙyar ya ce wa maigidana, "Kai ni in gan shi." Ya bi ta ƙofar danga, wadda bai taɓa ratsawa ba shekara goma sha ɗaya, har gefen lambu. Ya tsaya kan kabarin. Muna jira mu ji addu'a ko neman gafara. Sai ya ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka jin magana." Ya durƙusa ya dafa ƙasar da tafin hannu, ya daɗe bai ɗauke ba.

Bappa na nan kan addininsa, mu muna kan namu. Ya yi azuminsa uku, kuma Inna ta ce wannan karon bai sake rantsewa ba. Masu kawo jarirai sun ragu. Kullum da yamma ina kai akushi, kullum kuma sai ya aiko da ƙorafi, yau gishiri ya yi yawa, gobe kuka ta yi kaɗan, kamar wanda ya daɗe yana tara su.

Allah ya sa Baba yana hutawa wurin Wanda bai gaji da aiko masa ba. Ni zan ajiye alƙalami nan, ruwan tuwo ya tafasa. Yanzu fanko akushin ke dawowa, a suɗe har ƙasa. Kuma har jiya, in Inna ta miƙo mini shi ta danga, sai na juya wajen tsamiya zan nuna wa Baba, kafin in tuna.